Ƙwallon gorar ƙanƙara: Me ke sa tauraro ya haska ko ya dusashe a lokacin neman kofi?

Ranar 24 ga watan Yunin 2024, a garin Sunrise na jihar Florida a Amurka, aka sanar da Connor McDavid a matsayin ɗan wasan da ya fi kowa bajinta a wasannin neman kofin Stanley na shekarar. Bai fito karɓar kyautar ba. Yana can ɗakin sauya kaya tare da abokan wasansa na Edmonton Oilers, waɗanda Florida Panthers ta doke da ci 2-1, ta ɗauke kofin a kan idonsu.

A cikin wata biyun da aka yi ana gumurzu, McDavid ya tara maki 42 a wasa 25. Guda 34 daga ciki ƙwallaye ne da ya shirya wa abokan wasansa suka zura, abin da ya shafe tarihin da Wayne Gretzky ya kafa tun 1988. Sai dai a wasa biyu na ƙarshe bai ci ba, bai kuma bayar an ci ba. Da shekara ta zagayo ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a 2025, Florida ta sake yin nasara, shi kuma ƙwallo ɗaya tal ya ci a karawa shida.

Daga nan aka buɗe irin muhawarar da duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya sani. Wasu na cewa gwanin ƙananan wasanni ne, idan babbar rana ta zo sai gwiwarsa ta yi sanyi. Haka aka yi ta faɗa a kan Lionel Messi bayan Ajantina ta sha kashi a wasannin ƙarshe uku a jere daga 2014 zuwa 2016, kafin kofin Copa America na 2021 da na duniya na 2022 su rufe bakin masu magana.

Wannan hukunci yana da daɗin faɗa, amma akasari zalunci ne. Tarihin NHL, babbar gasar ƙwallon gorar ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ya nuna cewa mafi yawan abin da ke sa tauraro ya haska ko ya dusashe a wannan lokaci yana cikin tsarin wasan ne da kuma yadda aka gina ƙungiyarsa. Akwai kason da ke wuyan ɗan wasan, kuma ba ƙarami ba ne. Amma ya kamata a san girmansa kafin a liƙa wa mutum tambarin ragwanta.

Yadda ake fitar da zakara

Ana yin wasan ne a kan daskararren ruwa. 'Yan wasa na sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanda mai lanƙwasa a kai. Faifan nan shi ne ƙwallonsu. Kowane ɓangare na da mutum shida a fili: mai tsaron raga, 'yan baya biyu da 'yan gaba uku. Zubi uku ake yi, kowanne minti 20. Ɗan wasa na samun maki ɗaya idan ya ci, da maki ɗaya idan ya taimaka aka ci.

Ƙungiya 32 ce a NHL, 25 a Amurka, 7 a Kanada. Shekara da shekaru kowacce wasa 82 take bugawa daga Oktoba zuwa Afrilu. Sai dai wadda ta ƙare a saman teburi ba ita ce zakara ba, saɓanin yadda aka sani a Firimiyar Ingila. Ƙungiya 16 ke shiga wasannin fitar da gwani, masu zagaye huɗu. A kowane zagaye ƙungiya biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu, don haka ba a wuce wasa bakwai. Nasara 16 ce ke kai ƙungiya ga kofin, wanda gwamna janar na Kanada, Lord Stanley, ya bayar kyauta a 1892.

Idan aka tashi kunnen doki a waɗannan wasanni, babu bugun daga kai sai mai tsaron gida. Za a yi ta ƙara minti 20 ne har sai wani ya ci, kuma wanda ya fara ci ya gama magana.

Bajintar da aka yi a tsawon kaka ba ta bin kowa zuwa nan. A 2023 Boston Bruins ta ci wasa 65 cikin 82, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a tarihin gasar, amma Florida ta fitar da ita tun a zagayen farko.

Minti 20 cikin 60

Abu na farko da masu yanke hukunci ke mantawa shi ne lokaci. Gwanin ƙwallon ƙafa yakan buga minti 90 cif. Gwanin ƙwallon kwando yakan yi minti 40 cikin 48 idan wasa ya yi zafi. A kan ƙanƙara kuwa gudun ya yi tsanani, har ɗan wasa ba ya iya jure fiye da daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya kafin ya fita ya huta wani ya shiga. Saboda haka ƙungiya ke zuwa da mutum 20, cikinsu har da rukuni huɗu na 'yan gaba masu karɓa-karɓa.

Ɗan gaba mafi shahara yakan yi minti 20 zuwa 23 ne a fili. Kusan kashi biyu cikin uku na wasan yana zaune a benci yana kallo kamar kowa. Idan rukuni na uku ya yi sakaci aka zura musu ƙwallo, ba shi da ta cewa, amma washegari hotonsa ne za a gani a shafin farko.

A duba abin da ya faru da Sidney Crosby a 2009. A karawar ƙarshe tsakanin ƙungiyarsa Pittsburgh Penguins da Detroit Red Wings, maki 3 kacal ya samu a wasa bakwai, domin Henrik Zetterberg ya liƙe masa kamar kaska. A wasa na bakwai ma rauni ya ji a zubi na biyu. Pittsburgh ta ci 2-1, kuma duka ƙwallayen biyu Max Talbot ne ya zura, mutumin da ƙwallo 12 kawai ya ci a duk kakar. Crosby ya ɗaga kofi yana ɗan shekara 21, tarihi ya rubuta shi a jerin masu zuciyar nasara.

McDavid kuwa maki 11 ya samu a karawar ƙarshe ta 2024, kusan ninki huɗu na abin da Crosby ya samu. Shi ma wasa na bakwai 2-1 aka tashi. Bambancin kawai a ranar McDavid bai samu nasa Talbot ɗin ba.

Mako biyu da abokin hamayya ɗaya

A tsawon kaka, ƙungiya kan buga da wata yau a Toronto, jibi ta tashi ta tafi wani gari ta buga da wata daban. Babu kocin da ke da lokacin zama ya shirya wa mutum ɗaya tarko na musamman. A wasannin fitar da gwani kuwa mako biyu ake yi da abokin hamayya ɗaya. Masu nazarin bidiyo sun san ta gefen da tauraro ke son shigowa, da inda yake tsayawa ya jira ƙwallo, da wanda ya fi son miƙa wa.

Akwai kuma wata doka da ke ba mai masaukin baƙi dama. Duk lokacin da aka tsayar da wasa, baƙo ne ke fara fito da mutanensa, sannan kocin gida ya zaɓi waɗanda zai tura. Ke nan da zarar tauraron baƙi ya taka fili, za a aiko masa da 'yan tsaron da suka fi iya shaƙe shi. Florida ta yi amfani da kyaftin ɗinta Aleksander Barkov ɗan ƙasar Finlan, wanda sau uku yana lashe kyautar ɗan gaban da ya fi iya tsare gida, tare da ɗan baya Gustav Forsling, wajen rage wa McDavid kaifi.

Ƙarfin jiki ma yana ƙaruwa. Dokar wasan ta yarda a banke mai ƙwallo da kafaɗa ko a maka shi da bangon fili, kuma idan ana karawa da mutum ɗaya sau bakwai, kowace banka ajiya ce da za ta yi aiki a wasa na shida. Wurin da gwani ke samu ya juya a watan Nuwamba ba ya samun rabinsa a watan Mayu.

Sannan ga alƙalan wasa. Taurari sukan tara kaso mai tsoka na makinsu ne a lokacin da aka kori abokin hamayya na minti biyu saboda ƙeta, ƙungiyarsu ta samu rinjayen mutum ɗaya. An daɗe ana ƙorafin cewa idan wasa ya zo gargara alƙalai kan kau da kai daga riƙo da ja da sanda, don kada a ce su suka yanke sakamako. A 2021 McDavid ya tara maki 105 a wasa 56, sannan Winnipeg Jets ta fitar da Edmonton da ci huɗu babu ko ɗaya, kuma a wasannin huɗu ba a hukunta kowa ba saboda yi masa ƙeta. Mai gudu ne irin wannan sassauci ke cuta, mai ƙarfi ne ke cin ribarsa.

Ranar mai tsaron raga

Raga a wannan wasa ƙarama ce, faɗinta ƙafa shida, tsayinta ƙafa huɗu, kuma mai tsaronta na sanye da kayan kariya masu cika ido. A matsakaici yakan tare tara cikin kowane bugu goma. Idan ya tashi da ƙafar dama na mako guda ya koma tare 19 cikin 20, ƙwallayen da ake ci sun ragu da rabi, ko da 'yan gaba ba su rage komai a ƙoƙarinsu ba.

Abin da ya faɗa wa Alex Ovechkin ke nan a 2010. Ƙungiyarsa Washington Capitals ce ta ƙare a saman duka gasar, ta kuma shiga gaban Montreal Canadiens da ci uku da ɗaya a zagayen farko. Sai golan Montreal, Jaroslav Halak ɗan ƙasar Silobakiya, ya rikiɗe ya zama katanga. A wasa uku na ƙarshe an kai masa bugu 134, ya tare 131. Washington ta fita. Ovechkin ya ci ƙwallo 5 ya taimaka aka ci 5 a wasa bakwai, amma shi aka yi ta zagi cewa ba ya iya jan ƙungiya. Shekara ɗaya kafin nan ya zura ƙwallo 8 a ragar Pittsburgh a zagaye guda, duk da haka aka fitar da su.

Lissafin a bayyane yake. Wanda ya ci ƙwallo 41 a wasa 82, ƙwallo ɗaya yake ci a kowane wasa biyu, kuma ba abin mamaki ba ne ya yi wasa biyar a jere bai ga raga ba a watan Janairu. Babu mai lura. Idan irin wannan fari ya faɗo masa a watan Afrilu, kakar ta ƙare ke nan, kuma sunan da za a sa masa zai bi shi shekaru.

Sa'ar na iya juyowa ta ɗaya gefen. A 1990 wani ɗan wasan Washington mai suna John Druce ya ci ƙwallo 8 a wasa 45 na kaka, sai ga shi ya ci 14 a wasa 15 na fitar da gwani. Har ya yi ritaya bai sake yin makamancin haka ba. Da a ce wata baiwa ce ta musamman ta manyan ranaku, da an sake ganinta.

Ciwon da ake ɓoyewa

Ƙungiyoyin NHL ba sa bayyana ainihin raunin 'yan wasa a wannan lokaci. Iyakar abin da sukan ce shi ne ciwon a saman jiki yake ko a ƙasa, don kada abokan hamayya su san inda za su taɓa. Sai bayan an gama ake jin gaskiya.

A wasan ƙarshe na 2013, Patrice Bergeron na Boston ya buga da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, bayan an tashi likitoci suka gano huhunsa ya huje. A 2023 Matthew Tkachuk na Florida ya buga wasa guda da karaya a ƙashin ƙirji. A 2004 Joe Thornton, kyaftin ɗin Boston na lokacin, ya yi wasa bakwai da Montreal bai samu maki ko ɗaya ba, aka yi masa ca a jaridun garin, alhali da ciwon haƙarƙari yake wasa. Thornton ya tara maki 1,539 a rayuwarsa ta wasa, amma tabon 2004 bai rabu da shi ba.

Mai kallo a talabijin yana ganin gwani ya rage gudu. Ba ya ganin allurar kashe zafin da aka yi masa kafin ya fito.

Darasin Toronto

Duk da haka, akwai misalin da ba za a share shi da sunan rashin sa'a ba. Toronto Maple Leafs rabonta da kofin tun 1967. Daga zuwan Auston Matthews da Mitch Marner a 2016 zuwa 2025, ƙungiyar ta kai wasa na bakwai sau shida, kuma duka shidan an doke ta. A biyar na baya-bayan nan ƙwallo ɗaya-ɗaya kawai ta ci. Matthews, wanda ya ci ƙwallo 69 a kakar 2023 zuwa 2024, bai ci ko ɗaya ba a waɗannan wasanni shida. Marner ma haka. A 2021 sun shiga gaban Montreal da uku da ɗaya suka bari aka kamo su, a 2025 kuma Florida ta lallasa su 6-1 a gidansu.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya maimaitu sau shida ya cancanci tambaya, kuma 'yan wasan biyu ba za su wanke hannunsu ba. Amma rabin amsar tana ofishin shugabannin ƙungiyar. Tun 2005 NHL ta ƙayyade iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. A kakar 2024 zuwa 2025 iyakar dala miliyan 88 ce, kuma 'yan gaba huɗu na Toronto, wato Matthews da Marner da John Tavares da William Nylander, sun cinye fiye da rabi. Sauran mutum kusan 20 suka raba ragowar. Idan abokan hamayya suka toshe waɗannan huɗun, babu na biyar da zai ɗauki kaya.

A kwatanta da Florida ta 2025. McDavid da Leon Draisaitl na Edmonton kowanne maki 33 ya tara a wasannin fitar da gwani, babu ɗan Florida da ya wuce 23. Amma Florida na da mutum shida da suka kai maki 20. Sam Bennett, wanda ya ci ƙwallo 25 a duk kakar, ya ci 15 ya kuma lashe kyautar gwarzo. Brad Marchand mai shekara 37, da aka ɗauko daga Boston a watan Maris aka ajiye a rukuni na uku, ya ci 6 a karawar ƙarshe kaɗai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A ƙarshe Toronto ta rabu da shugabanta Brendan Shanahan a watan Mayun 2025, Marner kuma ya koma Vegas Golden Knights bisa kwantiragin dala miliyan 96 na shekara takwas. Ɗan yankin Toronto ne, ƙungiyar da ya taso yana so tun yarinta ke nan, amma a wasansa na ƙarshe a gida ihu magoya baya suka yi musu.

Kason da ke wuyan tauraro

To, mene ne a hannun gwanin kansa? Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Waɗanda suka daɗe suna shan kashi sannan suka ci kofi, kusan dukansu sai da suka sauya wani abu a salon wasansu.

Gretzky, wanda ke riƙe da tarihin maki 382 a wasannin fitar da gwani, ya fara ne da shan kunya. A karawar ƙarshe ta 1983, New York Islanders ta doke Edmonton huɗu babu ko ɗaya, shi kuma bai ci ƙwallo ba. Ya sha ba da labarin yadda ya wuce ta ƙofar ɗakin Islanders yana zaton zai tarar da shagali, sai ya ga mutane a galabaice, kowa da ƙanƙara a kan ciwonsa, alhali su 'yan Edmonton garau suke. A nan ya gane farashin kofin. Daga 1984 zuwa 1988 ya ɗaga shi sau huɗu.

Steve Yzerman na Detroit ya ci ƙwallo 65 da maki 155 a kakar 1988 zuwa 1989, amma babu kofi. Da koci Scotty Bowman ya zo a 1993, ya buƙaci ya riƙa komawa baya yana tsare gida, yana tare bugu da jikinsa. Makinsa suka ragu zuwa 85 a kakar 1996 zuwa 1997, kuma a wannan shekarar Detroit ta ci kofinta na farko tun 1955. Yzerman ya ƙara biyu, a 1998 da 2002. Ba kowane mai suna ne zai yarda lambobinsa su ragu don ƙungiya ta ci gaba ba.

Sai kuma kame kai. A 2019 Nikita Kucherov ɗan Rasha ya tara maki 128, ƙungiyarsa Tampa Bay Lightning ta ci wasa 62. Da Columbus Blue Jackets ta matsa musu a zagayen farko, fushi ya ɗebe shi ya yi mummunar ƙeta a ƙarshen wasa na biyu, aka dakatar da shi a na uku, aka kuma fitar da su huɗu babu ko ɗaya. Wannan laifinsa ne, ba na kowa ba. Shekara biyun da suka biyo baya shi ne ya fi kowa maki, 34 a 2020 da 32 a 2021, Tampa Bay ta ci kofin a jere.

Amma a lura da abin da shugabannin Tampa Bay suka yi bayan abin kunyar 2019. Ba su sayar da taurarinsu ba, ba su kori koci Jon Cooper ba. Sun ɗauko 'yan ƙwadago irin su Blake Coleman da Barclay Goodrow ne suka ƙarfafa rukuni na uku. Gyaran ya zo ta ɓangare biyu.

Shi ma Ovechkin, kafin 2018 ƙwallo 46 ya ci a wasa 97 na fitar da gwani, wato kusan ɗaya a kowane wasa biyu. Wannan ba lissafin matsoraci ba ne. A 2018, kakarsa ta 13, ya ci 15 ya ɗaga kofin. Ya ƙara himma wajen tsaron gida a ƙarƙashin koci Barry Trotz, gaskiya ne. Amma a shekarar Evgeny Kuznetsov ya tara maki 32, gola Braden Holtby ya tsaya da kyau, kuma Devante Smith-Pelly na rukuni na huɗu, wanda ya ci ƙwallo 7 a duk kakar, ya sake cin wasu 7. Cikin dare ɗaya mutumin da ake cewa ba ya iya cin kofi ya zama jagora abin koyi.

Wanda kofi bai zo masa ba

Akwai kuma waɗanda suka yi duk abin da ake buƙata amma rabo bai rantse ba. Jarome Iginla, wanda aka haifa a Edmonton a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, na cikinsu. A 2004 ya ja Calgary Flames, ƙungiyar da ba wanda ya sa ta a lissafi, har karawar ƙarshe, kuma ƙwallo 13 da ya ci sun fi na kowa a shekarar.

Calgary na gaban Tampa Bay da uku da biyu. Ana kunnen doki a zubi na uku na wasa na shida, faifan ya daki takalmin Martin Gelinas ya nufi raga, gola ya ture shi da ƙafa. Har yau mutanen Calgary na rantsuwa ya tsallake layi. Ba a ba da ƙwallon ba. Tampa Bay ta ci a ƙarin lokaci na biyu, ta kuma ci wasa na bakwai 2-1, inda Ruslan Fedotenko, wanda shi ma ba tauraro ba ne, ya zura duka biyun.

Iginla ya yi ritaya da ƙwallo 625 da maki 1,300, da zinare biyu na Olamfik da ya ci wa Kanada a 2002 da 2010. Shi ne ma ya miƙa wa Crosby ƙwallon da ya ba Kanada zinaren 2010 a ƙarin lokaci. Babu mai hankalin da zai ce wannan mutum yana tsoron babbar rana. Tazarar da ke tsakaninsa da kofin Stanley ba ta kai faɗin yatsa ba.

Ma'aunin da ya dace

Matsin lamba gaskiya ne, musamman a Kanada, inda zuwa 2025 babu ƙungiyar ƙasar da ta ɗaga kofin tun Montreal a 1993, kuma kowane kuskure sai an kwana ana tattauna shi a rediyo da shafukan sada zumunta. Akwai 'yan wasan da hakan ke ɗaure wa hannu. Wanda yake karɓar dala miliyan 10 ko fiye a shekara ba shi da hujjar ƙin amsa tambaya idan ya gaza.

Amma tambayar ta zama mai ma'ana. Yana shiga gaban raga inda ake shan duka, ko yana yawo a gefe? Yana komawa baya idan an ƙwace ƙwallo? Yana samar da damar ci ko da gola na tarewa? Ya sauya dabara bayan an gane ta farko? Ya riƙe fushinsa? Waɗannan su ne a hannunsa, kuma a kansu ya kamata a yaba masa ko a zarge shi.

Sauran, wato lafiyar jikinsa, da zafin golan hamayya, da ingancin rukuni na uku da na huɗu, da yadda aka raba kuɗin albashi, nauyinsu na kan wasu ne ko kuma a kan ƙaddara. Masu sharhi da magoya baya da ke tattara su duka su jibga wa mutum ɗaya suna sauƙaƙa wa shugabannin ƙungiyoyi ne, domin muddin ana zagin kyaftin, babu mai tambayar wanda ya haɗa tawagar.

Edmonton ta taɓa ganin wannan darasi da idonta. Bayan ta sayar da Gretzky ga Los Angeles Kings a 1988, ta sake cin kofin a 1990 ba tare da shi ba. Shi kuwa, duk da kasancewarsa ɗan wasan da ya fi kowa maki a tarihin gasar, ya yi shekara 11 yana nema a wasu ƙungiyoyi, ya kai karawar ƙarshe sau ɗaya a 1993, bai ƙara ɗaga shi ba har ya ajiye sanda a 1999. Gwanintarsa ba ta gudu ba. Hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka.